Abin da Papan Ta Faɗa a Ƙofar Koyolan

Koyolan, 9 ga Afrilu, 1550

Zuwa ga yayata Papan, wadda yanzu ake kira Ines,

Gaisuwa mai yawa, da fatan takardar nan ta same ki lafiya ke da iyalinki. Mu nan lafiya, sai zazzaɓin da ya zaga gari bayan girbin koko, shi ma ya yi sauƙi.

Ni ne Olin, ƙanenki, wanda kika bari yana tsotson yatsa. Limaman coci sun raɗa mini Mateo, sun koya mini rubutu, yanzu ni ne magatakardan dattawan gari. Wani mai fataucin gishiri ne ya ce ya gan ki a kasuwar Santiyago kina sayar da zare, kina sa-in-sa da wani Bature Bakastile cikin harshensu har ya tattara nasa ya yi gaba. Da ya kwatanta mini tabon da ke girarki na ce wannan ita ce. A hannunsa na ba da takardar.

Ga abin da ya sa na rubuto. An aiko sabon alƙali daga ƙetaren teku. Ya ce duk wanda aka yi wa lalas a fuska aka bautar alhali garinsu bai yi yaƙi ba, za a sake shi. Kin san mutum arba'in da biyu Kyaftin Belmonte ya sa aka ɗora wa ƙarfe mai zafi a nan, shekara ashirin da shida ke nan. Sha shida har yau suna bauta a gonakin kokon ɗansa. Takardar da Kyaftin ya bari ta ce da yaƙi ya ci Koyolan. Mu mun san ba a harba kibiya ko ɗaya ba. Amma Kyaftin ya mutu, Sarki Matlal ya mutu, kuma ba wanda ya ji maganar duka biyun sai ke, tunda ke ce tafintar da ta tsaya a tsakaninsu.

Alƙali zai zo nan da kansa bayan damina, cikin Disamba. Dattawa sun ce in roƙe ki ki zo ki rantse cewa Matlal lafiya ya nema. Kada ki damu da inda za ki kwanta. Mun riga mun gyara miki wuri kusa da Inna.

Ƙanenki,
Mateo Olin

Santiyago, 2 ga Mayu, 1550

Olin,

Na ji gaisuwarka. Ina lafiya, in ban da gwiwa. 'Yata Luisa ce ke rubuta wannan, domin ni harshe uku na iya amma ban iya riƙe alƙalami ba. Na ce ta rubuta yadda na faɗa, kada ta sa zuma.

Sau uku na sa ta karanta mini ƙarshen takardarka. To, na gode da kuka gyara mini wuri kusa da Inna. Da fartanya kuka gyara shi ko da hannu? Ka gaya wa dattawa ba sai sun wahalar da kansu ba, akwai maƙabarta a nan, kuma ban shirya ba tukuna.

Na san sunan da kuke kirana da shi. Harshen Kyaftin. Fatake sun sha kawo mini labari cewa a Koyolan idan yarinya ta cika tsegumi sai a ce mata kada ki zama Papan. Shekara ashirin da shida ba wanda ya aiko ya ji ko ina numfashi. Yau kuna son bakina, kuma ko kunyar nuna mini ramin ba ku ji ba.

Kai kana ƙarami, bari in tuna maka. Shekarata tara aka yi yunwar fara. Matlal ya ce kowane gida mai 'ya'ya biyu ya ba da ɗaya ga fataken arewa a karɓo masara. Kai namiji ne, aka bar ka. Na bi hannu uku kafin wani sarki ya haɗa ni da talotalo da bargunan auduga ya miƙa wa Kastilawa kyauta. Ba wanda ya tambaye ni ko ina son in koyi harshensu. Na koya ne don wadda ba ta jin abin da ake ce mata ita ke shan bulala.

Kuma in ka ga dama ka sani: abin da Matlal ya faɗa ran nan daban, abin da na zuba a kunnen Kyaftin daban. To me kuke so in rantse a kai?

Na ga Inna da idona an ɗaure ta a igiya ana kora su. Daga baya wani ɗan dako ya ce mini ta faɗi a hanyar kogin zinariya ba ta tashi ba. Ashe kun samo gawarta. Ka gaya mini inda kuka sa ta. Shi kaɗai nake so daga gare ku.

Ines

Kawu, ni ce Luisa. Ban san ina da kawu ba sai da takardarka ta zo. Ka yi haƙuri da zafin maganar, na rubuta yadda ta faɗa. Tun ran nan ba ta ci abin kirki ba.

Santiyago, 20 ga Agusta, 1550

Kawu Mateo,

Ina gaishe ka da gaisuwar girma. Yaya damina, yaya mutanen gida? Mu muna nan, ni da maigidana maƙeri, sai ruwa da ya hana kowa sakat.

Wata uku da rabi ke nan ba mu ji daga gare ka ba. Wannan ni na rubuta don kaina, mahaifiyata ba ta sani ba. Ban gane ba ko fushi ka yi, ko takardarmu ce ba ta isa ba, ko kuwa abin da ta zarga gaskiya ne.

Ta ƙi zama. Duk ranar kasuwa sai ta bar zarenta ta tafi layin masu gishiri tana leƙa fuskoki, ta dawo ta ce iska ta je sha. Ta kwance saƙar da ta kusa gamawa ta sake ɗaurawa. In na yi maganar Koyolan sai ta ce in rufe mata baki, can an jima kuma ita ce za ta fara ba ni labarin wata bishiyar rimi da ke bakin rafinku.

Ga wani abu kuma. Ka sani, Kyaftin ne ya haife ni, ko da yake bai taɓa kirana 'yarsa ba. Ɗakin da take ciki a bayan gidansu yake, ya bar mata ne da baki, ba takarda. Shekaranjiya ɗansa ya zo, ko sauka daga doki bai yi ba. Ya ce, "Ines, na ji 'yan ƙauyenku suna nemanki."

Ta ce, "Kunnenka ya fi nawa, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Mahaifina ya riƙe ki da kyau. Tsohuwa kamarki, hanyar gaɓar teku ba ta yi mata ba. Kuma ɗaki in aka bar shi ba kowa, akan sa masa dawaki."

Ta ce, "Dawakin gidanku sun saba kwana inda na kwana."

Ya juya ya tafi. Ita kuwa ta koma ta zauna bakin murhu.

Kawu, ka gaya mini gaskiya. In ta zo, kashe ta za a yi? In haka ne zan ɗaure ta a gindin turmi. In ba haka ba ne, ka rubuto ko layi biyu.

'Yarka,
Luisa

Koyolan, 18 ga Satumba, 1550

Yaya Papan, da 'yata Luisa,

Ina gaishe ku. Muna lafiya. Takardar Luisa ta iso jiya, yau nake amsawa kafin mai gishiri ya juya.

Na amsa takardar Yaya tun cikin Yuni. Wanda na ba ya faɗa kogi da kayansa a mashigi, shi ya fita, takarda ta tafi. Bai gaya mini ba sai da na ritsa shi jiya.

Yaya, wane rami? Inna tana da rai. Tana zaune nan kusa da ni tana ɓarzar masara da hannu tana tambayata me nake ta ƙarzawa a takarda. Ta faɗi a hanya, gaskiya ne, amma ta tashi. Shekara goma sha tara tana wanke yashi a kogin zinariya, sannan gonar koko. Da idonta ya mutu suka ga ba ta da amfani, suka ce ta tafi. Wurin da na ce mun gyara ɗaki ne, jikin nata, na yi masa sabon jinka. Ban taɓa zaton ba ki sani ba. Laifina ne, na saba rubuta takardun dattawa inda ba a faɗin abin da kowa ya sani.

Da na karanta mata maganar fartanya ta yi dariya har ta yi tari. Ta ce, "Bakin nan nata yana nan." Daga nan ta juya fuska bango.

Yanzu ga mai nauyin. Takardarki ta zo ne a kan maganar gari, dole na karanta ta gaban dattawa. Da na kai inda kika ce abin da Matlal ya faɗa daban, abin da kika zuba a kunnen Kyaftin daban, sai wuri ya rikice. Tsoho Tesh, wanda 'ya'yansa biyu ke cikin sha shidan nan, ya miƙe ya ce, "Kun ji da bakinta. Sarki ya nemi lafiya, ita ta mayar da ita yaƙi don ta rama sayar da ita da aka yi. Dama mun faɗa." Wasu sun ce kada a bari ki tako garin. Wasu sun ce a bari ki zo ɗin. Ban ji daɗin yadda suka faɗi hakan ba.

Ni shekarata goma sha biyu ran nan. Ina kan rimi ina kallo. Na gan ki cikin farar riga gefen dokinsa, na ga bakinki yana motsi, ban ji komai ba. Tun daga lokacin nake jin mutane suna faɗin abin da kika ce, kuma ba wanda ya fi ni kusa. Ban kare ki ba, ban kuma zage ki ba. Na gaji da tsayuwa a tsakiya.

Ki gaya mini me kika faɗa. In abin da Tesh ya ce ne, kada ki zo, zan san abin da zan gaya wa Inna.

Mateo Olin

Santiyago, 11 ga Oktoba, 1550

Olin ƙanena,

Lafiya muke. Ka riƙe hannun Inna ka ce Papan na gaishe ta. Ban san abin da zan ƙara a kai ba. Luisa ta jira ni da alƙalami har tawada ta bushe.

Tesh ya juya zancen. Ga yadda aka yi.

Kwana ɗaya kafin mu iso gare ku, mun bi ta garin Shalapan. Sarkinsu ya yi magana mai zafi, ni kuma na mayar da ita yadda take, kalma da kalma, don a lokacin ina ganin aikina ke nan. Kafin rana ta karkata ba gida ɗaya a tsaye. Kastilawa sun saki karnuka a kan mutane. Ba zan sa 'yata ta rubuta sauran ba.

Washegari na ɗaga kai na ga riminmu. Ban san nan za mu ba, ba a gaya wa baiwa hanya. Matlal ya fito bakin shingen ƙaya da koren gashin tsuntsu a ka, samari can nesa a bayansa da baka. Bai gane ni ba. Ya ce, "Gaya wa mai gemun nan, yau za mu ci naman barewar da ya hau, gobe mu ci nasa."

Doki yake nufi, bai taɓa ganin irinsa ba. Kyaftin ya ce, "Me ya ce?"

Na ce, "Ya ce gari naka ne, ka ba shi zuwa tsakar rana ya lallashi samarinsa."

Mayaƙan ƙabilar Meshika, waɗanda ke taya Kyaftin yaƙi, suna bayanmu, suna kuma jin harshenmu sarai. Sun ji abin da Matlal ya faɗa, amma ba sa jin na Kastila, ba su san me na mayar ba. Da ɗaya ya iya, da a wurin za a yanka ni.

Kyaftin ya ce in gaya masa ya durƙusa wa sarkin Kastila ya kawo zinariya, in ba haka ba ya ga abin da Shalapan ta gani. Na juya na ce wa Matlal, "Ya ce wucewa zai yi, abincin kwana uku kawai yake so." Sannan na ƙara nawa. Na ce, "Baba, ni ce Papan ta gidan bakin rafi, wadda ka bayar a shekarar fara. Jiya na ga Shalapan. Ka buɗe."

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, "Kin rantse wucewa zai yi?" Na ce na rantse. Ya sa aka janye ƙaya.

Ka san sauran. Kwana uku ba zinariyar kirki, Kyaftin ya rataye Matlal, ya sa aka hura wuta aka sa ƙarfen lalas a ciki. Ni aka sa na gaya wa mutane su yi layi. Da na ga Inna na kama ƙafarsa na ce uwata ce. Ya ce, "Ku kowane gari kuna da uwa." Ya ture ni.

To ka gani. Ban mayar da lafiya yaƙi ba. Na yi wa Kyaftin ƙarya, na yi wa Matlal ƙarya, gari ya tsaya, mutum arba'in da biyu suka biya. Shekara ashirin da shida ina auna Shalapan da Koyolan, wani lokaci in ga na yi daidai, wani lokaci in ga da na bar ku kun mutu da bakanku a hannu kamar yadda kuka zaɓa.

Dattawa suna so in rantse Matlal lafiya ya nema. Bai nema ba. In na faɗi gaskiya, ɗan Kyaftin zai ce kun ji, gari ya yi niyyar yaƙi. In na yi ƙarya, na sake sa wa Matlal magana a baki, wannan karon da hannuna a kan gicciye. Ban san wanda zan yi ba. Kada ka karanta musu wannan.

Zan taso da masu gishiri da zarar koguna sun janye. Luisa tana kuka, ta ce gwiwata ba za ta kai ni ba. Na taka daga nan har inda ƙasa ta ƙare a bayan doki, kwana shida ba zai gagare ni ba.

Papan

Koyolan, 21 ga Disamba, 1550

'Yata Luisa,

Ina gaishe ki da maigidanki. Mahaifiyarki ta iso lafiya tun farkon wata, gwiwa ta kumbura amma ta saɓe. Ta ce in rubuta miki komai, ita ba ta da bakin faɗa.

Ranar da ta shigo ba wanda ya tare ta sai ni. Mata suna bakin rafi, suka bi ta da ido. Inna tana zaune ƙofar ɗaki. Yaya ta tsaya nesa kaɗan ta kasa ƙarasawa, sai Inna ta ce, "Wa ke tsaye yana tare mini rana?" Ta durƙusa. Inna ta shafa fuskarta har ta sami tabon gira, ita kuma ta ɗora yatsa a kan lalas ɗin kumatun Inna. Inna ta ce, "Ke ma kin tsufa." Na ba su wuri.

An yi zaman ran Talata a farfajiyar coci, gari duka ya zo. An kawo sha shidan daga gona suka zauna gefe. Alƙali ya zo da tafintansa, Yaya ta ce ba ta bukata. Ta yi magana da harshen Kastila, kowace jimla kuma ta juya ta maimaita mana da namu, don kada wani ya ce bai ji ba.

Mai magana da yawun ɗan Kyaftin ya ce, "Ki faɗa mana abin da sarkin ya ce."

Ta ɗora hannu a gicciye ta faɗa, har da naman barewa. Mutumin ya yi murmushi ya ce shi ke nan, ya gama. Ta ce ita ba ta gama ba. Ta faɗi abin da ta gaya wa Kyaftin da abin da ta gaya wa Matlal. Sannan ta ce, "Ranka ya daɗe, Kyaftin ba ya jin harshenmu ko kalma ɗaya. Abin da ya shiga kunnensa shi ne gari naka ne. Ya shiga ta ƙofa a buɗe, ya ci abincinsu kwana uku. Yaƙin da ya rubuta bai gan shi ba, bai ji shi ba. Ni na ji shi, kuma ban ba shi ba."

Alƙali ya tambayi tsofaffi ɗaya bayan ɗaya ko an harba kibiya. Ya kwana biyu yana duba takardu. Ran Alhamis ya ce a saki sha shidan. Gonakin kuwa ya ce suna nan hannun ɗan Kyaftin, wannan wata shari'a ce.

Na zaci daga nan komai zai daidaita. Tesh ya rungumi 'ya'yansa, da yamma ya aiko mata da talotalo, amma bai zo da kansa ba. Dangin Matlal sun ce ta rantse wa sarki a kan ƙarya ta kai shi ga igiya. Samari suna cewa ashe kakanninsu sun so yin yaƙi, mace ta hana su. Jiya ta je ɗiban ruwa, matan suka kwashe tulunansu suka koma sama da ita. Ta dawo ta ajiye tulu ta ce, "Olin, na yi abin da ya kawo ni. Zan koma."

Na ce ina za ki koma, mai gishiri ya ce an riga an zuba dawaki a ɗakinki. Ta ce ko a rumfar kasuwa ne.

Inna tana jinmu. Ta ce a ɗauko mata bargonta da sandarta. Na ce Inna ina za ki? Ta ce, "Ranar da fatake suka zo, ba Matlal ne ya kama hannunta ya miƙa ba, ni ce. Na tsaya a ƙofa har suka sha kwana. Ba zan sake tsayawa a ƙofar nan ba."

Na yi mata maganar duwatsu da sanyin Santiyago, na ce ba ta gani. Ta ce ba kallo za ta je ba. Yaya ta tashi ta fara naɗe bargon.

Na nemi izinin dattawa na wata ɗaya. Na ɗaure kujerar goyo da sabuwar igiya, na gwada ta da Inna a tsakar gida, ba ta kai buhun masara nauyi ba. Za mu taso bayan Kirsimeti. Tafiyar za ta ɗauke mu kwana tara ko goma, don su biyun ba mai sauri. Ki roƙi maigidanki ya share ko gefen maƙera ne, inda ɗumi yake. Ki tanadi tabarma biyu.

Kawunki,
Mateo Olin